Tabarmin da Aka Shimfiɗa Ranar Kirsimeti

Shekarun baya, tun muna tsohon gidanmu na cikin garin Daura, katanga ɗaya ce tsakaninmu da wata baiwar Allah Kirista. Jiya na ga wata ta yi tambaya a nan, wai su waye suka taɓa cin shinkafar Kirsimeti ta maƙwabta, mutane suna ta raha a ƙasan rubutun. Na ɗauki waya zan sa baki, sai na ji abin da ke bakina ba na raha ba ne. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi daban.

Maƙwabciyar tawa Bahaushiya ce, 'yar wani ƙauye can bayan Malumfashi. Aikin asibiti ne ya kawo ta Daura tun da ƙuruciyarta, ita da mijinta malamin makaranta, wanda ya rasu tun kafin a kawo ni unguwar daga Baure. Ungozoma ce, har ta yi ritaya ba a daina buga mata ƙofa ba. Yawancin yaran layinmu a hannunta suka faɗo, har da nawa guda uku. Mutanen unguwa Sista suke ce mata, ni kuma Mama. Ita kuwa Amarya take kirana, tun ranar da aka kawo ni har na fara furfura a gefen kai. Idan na ce mata amarcin nan ai ya tsufa, sai ta ce sai ranar da na iya tuƙa tuwo ba gudaji za ta canza mini suna.

Ɗa ɗaya ya rage mata a duniya. Direban babbar mota ne, yana lodin shanu daga karar Mai'adua zuwa Kudu. Maigidana dillalin dabbobi ne a wannan kasuwar, shi ne ma ya haɗa yaron da mai motar tun yana koyon tuƙi. Idan watan Kirsimeti ya kama ba sa hutawa, domin lokacin ne Kudu ke neman nama, mota na saukewa tana juyowa. Amma duk inda yake a ƙasar nan, ranar jajibere sai ya kwana a ɗakinsa. Yana zuwa da tsaraba irin ta masu bin wannan hanyar, garin kwaki da kwakwa da abarba, ni kuma jarkar manja ce rabona duk shekara. Tun ana saura sati nake leƙa kai ta katanga.

"Mama, ina manjana?"

"Ke dai ba ɗana kike jira ba, jarka kike jira. Allah ya shirye ki."

Haka muke yi kullum, safe da yamma, har ya iso.

Akwai wata ƙa'ida da Mama ba ta taɓa karyawa ba. Ba ta yarda kowa ya sa wa dabbar Kirsimetinta wuƙa sai Musulmi. Ta ce ba za ta wahala ta dafa abinci a karɓa da fara'a a ƙofa, a zagaya baya a zuba wa kaji ba. Don haka maigidana ne yake zaɓo mata taure a kasuwa, shi ne kuma yake yankawa ranar jajibere da hantsi, ya fuskantar da shi gabas ya yi bisimilla, ita tana tsaye daga nesa da hannu a ƙugu tana ce masa ya ɗaga murya maƙwabta su ji. Kai da ƙafa nasa ne, ladan yanka. Surukata Hajiya, wadda muke zaune tare da ita, ƙawar Mama ce ta goro da gardama. Duk shekara idan an kawo mata kwanonta sai ta ce, "Ni dai bisimillar ɗana nake ci." Mama ta ce, "Ci dai, Hajiya, barkonon nawa ne."

Ni kuwa aikina suya da rabo. Ranar jajibere mu soya nama da cincin, ranar bikin da asuba mu ɗora shinkafa da miya. Ta tafi coci ta bar ni da tukwane, idan ta dawo a jera kwanuka a tsakar gida, a zuzzuba, a bi gida-gida. Kwano ba ya dawowa haka nan, wata ta sa sabulu, wata magi, wata ashana. Idan Babbar Sallah ta zo kuma cinya guda ake ware mata a gidanmu. Ban taɓa jin wani abu a raina game da wannan ba. Addininta nata ne, nawa nawa ne, haƙƙin maƙwabci kuwa tun a islamiyya aka karantar da mu.

A shekarar da nake ba ku labari, komai ya fara yadda aka saba. An yi yanka da hantsi, an yi fiɗa, muka zauna suya. Mama tana cikin nishaɗi fiye da kullum, domin ɗan ya kira ta kwana ɗaya kafin nan ya ce sun sauke kaya sun juyo, kuma bana yana da magana da ita.

"Wace magana ce ta wuce aure?" in ji ta. "Ki shirya, Amarya, ke ce uwar biki."

Bayan la'asar aka ce maigidana yana kirana. Na tafi hannuna duk fulawa. Na same shi a ɗaki a zaune a bakin gado, hularsa a ƙasa, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce in tura ƙofa.

"Mai motar ne ya kira ni," ya ce. "Motar ta faɗi tun da safe, gaba da Lakwaja, suna dawowa. Yaron Sista ko shurawa bai yi ba."

Na yi salati na zauna a ƙasa inda nake tsaye. Ta katanga ina jin ƙarar mai a kasko, ina jin Mama tana rera waƙarsu ta coci a hankali.

Abin da ya sa maigidana bai wuce kai tsaye ya faɗa mata ba shi ne hawan jini. Shekarar da ta gabata ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo, ta yi kwanaki a asibiti, likita ya ja mana kunne cewa faɗuwa ta biyu ba lallai ta tashi ba. Don haka ya fara kiran ƙanenta da ke ƙauye. Ƙanen ya yi kuka a waya, sannan ya roƙe shi.

"Malam, don girman Allah ku riƙe maganar nan zuwa gobe. Hanyarmu ba ta biyuwa da yamma, ka san halin da ake ciki. Da asuba za mu taso ni da yayarmu. Kar ta ji babu nata a kusa."

Ƙanen ya ƙara da cewa zai kira fastonsu na Daura shi ma ya sanar da shi, idan an tashi daga coci su haɗu su shigo tare.

Na ce wa maigidana ni ba zan iya ba. Duk wanda ya san ni ya san fuskata ba ta da marfi. Ko ciki ban taɓa ɓoye wa Mama ba, ita ke kallona ta faɗa mini tun ban gama tabbatarwa ba. Na ce a ce mata zazzaɓi ya rufe ni.

"Idan kika ce zazzaɓi, da kanta za ta shigo da magani," ya ce. "Idan ba ki koma ba, shi ne za ta gane. Ki wanke fuska ki je. Ranta muke tsarewa."

Na wanke fuska na koma. Ina shiga na janyo kwandon albasa gabana, na ce ni zan yanka ta gobe duka. Ban da wata dabara da ta wuce wannan. Na yi ta yanka ina share ido da bakin zane.

"Yau albasar Daura ta fi ƙarfin 'yar Baure," in ji Mama. "Kawo in taya ki."

Na ce ta bari na kusa.

Kafin magariba ta gwada kiransa, wayar a kashe. Ta sake gwadawa, ta yi tsaki.

"Yaron nan da wayarsa, kullum ba caji. Ko sun tsaya kwana a Kaduna ne."

Ta ɗauko wata 'yar samira mai murfi, ta tsince hanta da haƙarƙari daga cikin suyar ta zuba, ta rufe ta kai ɗakinsa. Ta riga ta share ɗakin ta shimfiɗa zanen gado wankakke. Da ta fito ta ce mini, "Ya ce in ɓoye masa hanta kar Malam ya riga shi." Na yi wani abu mai kama da dariya. Da aka kira salla na gode wa Allah da ya ba ni dalilin tashi.

Yadda na kwana ba sai na faɗa ba. Abin da na roƙa a sujada guda ɗaya ne, Allah ya kawo 'yan'uwanta da wuri, ya kuma riƙe mata zuciyarta idan ta ji.

Da na idar da sallar asuba na koma. Kafin ta lura na ɗauki ƙwayoyin maganinta daga kan taga na ƙulle a bakin zanena. Muka ɗora shinkafa a babbar tukunya, miya a ɗaya murhun. Da rana ta ɗaga ta yi wanka ta sa ankon matan zumunta, wato ƙungiyar matan cocinsu masu waƙa, ta fito da ɗankwali a hannu.

"Zo ki ɗaura mini, Amarya, hannunki ya fi nawa iya yanga."

Na tsaya a bayanta na ɗaura. Allah ya taimake ni ba fuskata take kallo ba. Da ɗan acaɓa ya zo ta juyo daga bakin ƙofa.

"Idan ya iso ina coci ki ba shi ruwan wanka. Kar ki nuna masa samirar nan sai na dawo, ina so in ga fuskarsa."

Abin da ya faru a waje bayan tafiyarta, daga baya na ji shi, domin ni ina cikin gidanta ina fama da wuta. Maigidana ya sanar da liman da mai unguwa bayan sallar asuba. Dole ne ya sanar, tunda babu namiji a gidan, kuma idan labari ya fashe sai an sami inda maza za su zauna. Su kuma suka yi abin da suka iya. A unguwarmu idan aka yi rasuwa ba a jiran a tambaya, tabarmi da butoci daga masallaci, benci daga ƙofar mai unguwa. Shirin shi ne a tara su a zaurenmu a ɓoye har baƙi su iso. To zaure cike yake da buhunan dusa na dabbobin maigidana. Wani dattijo ya ce a shimfiɗa su kawai a gindin dalbejiyar da ke tsakanin ƙofarmu da tata, ai kafin a tashi daga coci mutanen Malumfashi sun iso.

Ba su iso ba. Ranar biki ce, motar haya ta yi wuya a ƙauyensu, sai da rana ta take suka samu. Tabarma kuwa idan aka shimfiɗa ta a ƙofar gida ba ta zama babu kowa. Wannan ya zo wucewa ya tsuguna, wancan ya jingine babur ya cire takalmi. Kafin a ankara gindin bishiya ya cika da maza. A cikin gidanmu kuma Hajiya, da ɗanta ya faɗa mata, ta sa an dama kunun tsamiya babbar tukunya, domin a saninta gidan rasuwa ba a hura wuta, maƙwabta ke ciyar da shi. Ga shi kuwa a gidan rasuwar murhu biyu ke ci, ni ce ma a kansu.

Na ji tsayuwar babur a ƙofa. Duk shekara idan Mama ta dawo daga coci da waƙa take shigowa, tana taka rawa tun daga zaure. Ranar ba waƙa. Ta shigo da sauri, jakarta a hammata.

"Amarya, ajiye ludayin nan. Wa ya rasu?"

Na tsaya da ludayi a hannu.

"Na ga tabarmi a ƙofarku. Na gaishe su kowa ya sunkuyar da kai, har Malam. Hajiya ce?"

Hajiya ta kwana biyu tana fama da tari a lokacin, Mama ce ma ke duba ta. Na buɗe baki, babu abin da ya fito sai kuka. Ita kuma ta ɗauki kukan nan a matsayin amsa. Ta yar da jakar ta rungume ni.

"Shi ne kika zo kina dafa mini shinkafa, surukarki na kwance? Wace irin yarinya ce ke? Don kar ki ɓata mini biki? Yi haƙuri, 'yata. Yi haƙuri. Ta yi tsawon rai, ta ga jikoki."

Tana bubbuga bayana tana ba ni haƙuri. A duk abin da ya faru a kwana biyun nan, wannan ne wurin da har yau ban iya tunawa ina tsaye.

Ta sake ni ta tuge ɗankwalin da na ɗaura mata, ta shiga ɗaki ta yafo wani tsohon mayafi mai duhu. Ta dubi kwanukan da na jera a tsakar gida.

"Kar a fita da ko ɗaya yau. Ba a rabon abincin biki ana makoki a unguwa. Zo mu je, za a buƙaci ruwan zafi."

Ta kama hannuna. Ita ke gaba tana ja na, muka ratsa ta gefen mazan nan, babu wanda ya ɗago kai. Na ga maigidana ya yunƙura zai tashi, sai ya koma ya zauna.

Muna shiga tsakar gidanmu ta ga Hajiya a zaune a kan 'yar kujera a bakin murhu, tana fifita wuta a ƙarƙashin tukunyar kunu.

Mama ta tsaya cak. Ina jin yadda hannunta ya canza a cikin nawa. Ta dubi Hajiya. Ta dubi yarana, suna rakuɓe a bakin ƙofar ɗaki, ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, leɓenta yana motsi. Ta waiwaya wajen zaure, inda ta baro Malam da ransa. Ƙirga mu take yi. Da ta ga mun cika, ta juyo ta dube ni.

"Amarya," ta ce, a hankali. "Tun jiya da la'asar ba ki tambaye ni manjanki ba."

Hajiya ce ta dafa sandarta ta miƙe, ta janyo tabarmarta ta salla ta shimfiɗa a inuwa.

"Sista, zo ki zauna nan kusa da ni."

Ta je ta zauna kamar yarinyar da aka kira. Hajiya ta kama hannuwanta biyu.

"Ni na binne 'ya'ya huɗu, biyu a gabanki aka fita da su. Ba zan yi miki kwana-kwana ba. Yaronki, Allah ya karɓi abinsa. Mota ce, jiya da safe. An ce bai wahala ba."

Ni bakinta nake kallo da hannunta na hagu, kamar yadda likita ya ce a lura. Yatsuna suna kan ƙullin maganin. Ba ta faɗi ba, ba ta yi ihu ba. Kunu ya tafasa yana zuba a wuta.

"Jiya da safe," ta ce. "Lokacin da ake yanka kenan."

Ta juyo wajena.

"Fasto ya sani?"

Na ce ya sani.

"Shi ya sa ya ƙi haɗa ido da ni." Ta gyaɗa kai. Sannan ta dube ni, ta dubi Hajiya, ba da faɗa ba, ba da ɗaga murya ba. "Kun bar ni na yi rawa."

Iyakar abin da ta faɗa kenan. Can ta miƙo mini tafin hannu ta ce, "Kawo, na san yana jikinki." Na kwance bakin zane na ba ta maganin, ta kora da ruwan buta. Sai a lokacin ta kwantar da kanta a cinyar Hajiya, kukan ya zo. Ba irin wanda ake jiyowa daga waje ba ne. Hajiya tana shafa kanta tana cewa, "Allah ya ba ki dangana, Allah ya ba ki dangana," ba ta ƙara komai a kai ba.

Ƙanenta da yayarta sun iso bayan azahar, tare da faston. Sun zo da maganar da suka shirya tun a mota, suka tarar babu sauran abin faɗa. Ƙanen ya tsaya a gindin bishiya yana kallon tabarmin nan, maigidana yana ba shi haƙuri, ya ce babu laifin kowa. Matan zumunta suka zo da ankonsu na biki a jiki, ba su ko koma gida sun canza ba. Matan unguwa suka shigo da hijabai. Tsakar gidan Mama ya cika, su suna waƙa ƙasa-ƙasa a gefe guda, mu muna zaune a ɗaya gefen, wadda ta shigo ta durƙusa ta ce Allah ya ba da haƙuri.

Wajen la'asar Mama ta ɗago kai ta neme ni da ido.

"Shinkafar nan za ta lalace. A raba."

Na ce ko a bar ta masu zaman makoki su ci. Ta ce su ma za su ci, amma kowane gida a kai masa kwanonsa kamar kullum, ba ta so a ce akwai shekarar da aka yi yanka ba a kai ba. Haka na zauna ina zubawa, nama a sama, cincin a leda. Kwanuka suka fita. Ranar babu wanda ya dawo da sabulu ko magi. Matan gidajen ne suka riƙa dawo da su da kansu, a wanke, su ajiye a bakin rijiya su nemi wuri su zauna.

Washegari suka tafi da ita ƙauye, can za a kai gawar. Da za ta shiga mota na ga samirar nan a hannunta. Yayarta ta miƙa hannu za ta karɓa ta sa a bayan mota, ta ce, "Bari, nasa ne." A cinyarta ta ɗora ta. Ban san abin da ta yi da ita ba, ban kuma taɓa tambaya ba.

Ta dawo Daura sau ɗaya, kwashe kaya, domin ƙanen ya ce ba za ta sake zama ita kaɗai ba. Babbar tukunyar ta bar mini. Faɗuwar da muke gudu kuwa ba ta fasa zuwa ba, jinkiri kawai ta yi. Da damina aka aiko mana cewa ɓarin jikinta ya shanye.

Mun je duba ta ni da maigidana. Na same ta a kan kujera a ƙofar ɗaki, ta rame, maganarta ta yi nauyi, amma tana ganina ta ce, "Amarya." Muka daɗe muna hira, tana tambayar yara da Hajiya da matan layi gida-gida. Da maza suka fita na kasa haƙuri, na tambaye ta abin da ke cina.

"Mama, da mun faɗa miki tun ranar, da ya fi?"

Ta daɗe tana kallon hannunta da ba ya motsi.

"Wata rana in ce da ya fi," ta ce. "Wata rana in ce a'a. Ranar da safe na yi waƙa ina da ɗa. Ban sake yi ba."

Ta yi shekara biyu bayan wannan, Allah ya yi mata rasuwa a can ƙauyensu. Hajiya ma ba ta daɗe ba ta bi.

Jajiberen Kirsimetin da ya biyo bayan abin, na fito da hantsi na tarar da maigidana a tsugune a bakin dutse yana wasa wuƙa. Na tsaya ina kallonsa. Sai da ya gwada kaifin a babban yatsa sannan ya ɗago ya dubi katangar, gidan a lokacin wasu 'yan haya ne a ciki. Ya goge wuƙar ya mayar cikin kube.

Mutane sukan tambaye ni, idan na ba da labarin nan, ko ina ganin daidai muka yi. Ban sani ba. Kowa a cikinmu alheri ya nufa, wanda ya ce a ɓoye da wanda ya ɗauko tabarma da wadda ta dama kunu. Mu mutane ne da ba mu iya barin maƙwabci shi kaɗai da mutuwa ba, ko da an roƙe mu mu jira. Abin da na sani shi ne tun daga ranar, idan aka ce in riƙe wa wani irin wannan labarin, nakan ce a nemi wata. Na yi sau ɗaya, na ɗaura wa uwa ɗankwalin rawa da hannuna.

Tukunyar tana nan. Ana aronta suna da biki, ana aronta rasuwa, ba na hana kowa. Manja kuwa a kasuwa nake saye, kwalba-kwalba, ban sake yarda an kawo mini jarka ba.

Yanzu mun tashi daga unguwar, yara sun girma, biyu ma ba sa gari. Amma har gobe idan na dawo daga unguwa na hango an shimfiɗa tabarmi a layinmu, maza sun sunkuyar da kai, ba na tambayar kowa. Nakan tsaya daga nesa in fara ƙirga mutanen gidana, ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ke kan hanya.